Kwalin Antibairos Ɗin Da Ban Taɓa Buɗewa Ba

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk wanda zai tsaya ya karanta. Ina gaishe ku, ya gida, ya iyali, ya aka ji da hidimomi? Allah ya sa mu wanye lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya kai ƙarshe. Na san wasu za su ce a kan kwamfuta ne wannan take dogon surutu? Da a kan kwamfuta ce kawai, wallahi da tuni na manta.

Abin da idona ya fara gani a jikinsa wata jar igiya ce a wuyansa, filash na ajiye bayanan kwamfuta guda huɗu suna lilo a jikinta duk lokacin da ya sunkuya. Ranar Talata ce, ranar kasuwar Mafara, shagon gyaran kwamfuta ya cika da mutane, shi kuma yana zaune da ƙaramin sukundireba a hannu kamar shi kaɗai ne a duniya. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ya ɗago kai ya dube ni, dubawar da ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, ni kuwa har na gama raɗa wa 'ya'yanmu suna. Kada ku yi mini dariya. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, kuma tun ina aji biyu na sakandare nake haɗiyar littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda nake karɓa haya wurin wata maƙwabciyarmu. A cikinsu duk soyayya da ɗago kai take farawa. To ga shi an ɗago mini kai, me kuke so in yi tunani?

Bari in faɗi abin da ya kai ni shagon. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni a Bakura tun ina shekara shida da mahaifina ya rasu. Sunan mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya sai shi da amininsa na yarinta, Baba Ummaru mutumin Damri, suka ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa su. Baba Ummaru ya hau babur da 'yar rikoda, ya shiga Damri da Birnin Tudu da Morai, ya zauna da tsofaffi su ba shi labarin irin shuka na da: sunayen shinkafar da yanzu ba a shukawa, wace dawa ce ƙuduji ba ya ci, yadda ake gane fadamar da za ta riƙe ruwa. Memori ɗaya ne da rikodar, in ya cika sai a juye shi a laftof ɗin Kawu a goge, a sake fita da shi. Ni ce mai juyewa, ni ce mai buga abin da aka faɗa. Shekara takwas suna wannan aiki, kuma fiye da rabin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya. A cikin muryoyin akwai ta Inna kanta, Allah ya jiƙanta, kusan awa biyu, tana lissafa sunayen shinkafa, tana dariya, tana yi wa Kawu faɗa wai ya tsufa bai daina tambayar banza ba. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya ce in kunna masa.

Yaya Bashiru, babban ɗan Kawu da ke aiki a Sakkwato, shi ya aiko da antibairos orijinal a cikin kwali, a liƙe da ledarsa. Ya kira ni ya ce, "Ki kai a saka wannan, shi zai tsare kwamfutar daga bairos. Kada ki yarda a saka miki wani. Kuma faifan ajiya da na kawo, in kin gama kwafa ki cire shi ki ajiye daban." Na ce to.

Na miƙa wa Injiniya kwalin. Ya juya shi, ya karanta bayansa, ya ce, "Wanga mai kyau ne, ba ƙarya. In na saka miki shi an gama, da kansa zai riƙa sabunta kansa duk sadda kuka kunna data. Ba ki sake ganina sai shekara." Ya yi murmushi, ya taɓa ɗaya daga cikin filash ɗin wuyansa. "Akwai kuma nawa. Bai da nauyi, bai cin data. Illarsa ɗaya, ba a barinsa ya hau intanet, in ya hau masu shi za su gane ba a saya ba su kashe shi. Sai dai in riƙa zuwa duk sati biyu in sabunta shi da hannu. Dama ina shiga Bakura ranar Alhamis, ina da masu kwamfuta can. Wanne kika zaɓa, Hajiya?"

Na ce, "Wanne ya fi?"

Ya ce, "Ya danganta da abin da kike so."

Jama'a, yau da nake da 'ya'ya biyu na san maganar mai neman kwastoma ce kawai. Amma a ranar na ɗauki wannan jimla na shimfiɗa ta, na yi mata ado, na mayar da ita babi uku. Wane ne zai ce wa budurwa "ya danganta da abin da kike so" in ba da manufa ba? Ban tambayi wanne ne zai fi tsare muryar Inna ba. Ban tuna da Baba Ummaru da rana ke dukansa a kan babur ba. Abin da na auna kawai shi ne, wannan shekara guda ba gani, wancan duk sati biyu. Na ce, "Saka naka." Ya miƙo mini kwalin ko ledarsa bai yage ba, ya ce in ajiye don wata rana.

Da na koma gida Kawu yana zaure. Ya ce, "Uwata, an saka?"

Na ce, "An saka, Kawu."

"Na Bashiru?"

"Eh, shi."

Na ƙara da cewa mai gyaran zai riƙa leƙowa yana duba lafiyarta. Kawu ya ce Allah ya yi masa albarka. Kwalin kuwa na tura shi ƙasan akwatina, na jera littattafan soyayya a kansa.

Wata biyar ina rayuwa daga Alhamis zuwa Alhamis. Tun da safe nake jiƙa zoɓo, in sa kanumfari da citta, in sa kwalli, in canja mayafi sau uku. Ya zo, ya gaida Kawu, ya zauna a ɗakin zaure minti goma, ya soka filash, ya danna nan ya danna can, ya sha zoɓo, ya ce, "Ƙanwata, kin iya zoɓo." Shi ke nan fa. Ko lambar wayata bai taɓa nema ba, ta Kawu yake kira. Amma ni sai in kwanta in ce ai jarumai da yawa da ƙanwata suke farawa, kunya ce, yana jiran lokaci ne. Wani lokaci jan rubutu yakan fito a kwamfutar da Turanci yana gargaɗi, in na nuna masa sai ya ce in rufe kawai, surutu ne. Sau biyu Yaya Bashiru yana tambayata a waya, "Yana nuna kore dai ko?" In ce, "Kore shar." Faifan ajiyar nan ma ban taɓa cire shi ba, kullum yana maƙale, saboda ƙyuya da kuma hankalina ba ya wurin. Kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba: filash ɗin nan da nake kallo kamar sarƙar zinare, kwamfuta nawa yake shiga kafin ya zo tamu?

Wata Alhamis ya zo da hantsi, ya yi abin da ya saba, ya tafi. Bayan azahar Baba Ummaru ya iso daga Birnin Tudu da hirar wata tsohuwa, yana ta murna, yana tsokanata, "Mai sunan Inna, taho ki juye, yau na samo miki abin da za ki buga har yatsunki su yi tsami." Na soka memorin, na juye, na goge. Washegari Juma'a Kawu ya dawo masallaci tare da Baba Ummaru, wanda ya kwana a gidan, ya ce in kunna Inna. Na danna, ba ta buɗe ba. Na danna wani, haka. Duk sunayen sun canja, kowane da wata jela ta haruffa a bayansa. Na duba faifan ajiya, shi ma haka. Sai wata takarda guda da take buɗewa, da Turanci, wai an kulle mana komai, sai mun biya fansa. Na karanta wa Kawu. Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce, "Har kwamfuta ma an fara garkuwa da ita?" Sai ya dube ni. "Uwata, mi anka sa ma ta jiya?"

Abu biyu aka saka mata jiya. Na san biyu ne. Na faɗi ɗaya.

Na ce, "Memorin Baba Ummaru."

Kawu bai ko tuna da Injiniya ba, don a wurinsa Injiniya likitan kwamfutar ne, wa zai zargi likita da kawo cuta? Shi kuwa Baba Ummaru, mutumin da ko a wasa ba ya ɓoye abu, sai ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. Shekaranjiya memorin ya yi min gardama, na ba mai cajin waya can Damri ya duba, ya sa shi cikin tashi kwamfuta."

Kawu ya miƙe tsaye. "Sau nawa na hwaɗa maka, Ummaru? Sau nawa na ce kar ka ba kowa?"

"Wallahi ban san haka na iya faruwa ba."

"Ba ka sani ba! Shekara takwas! Mutanen ga sun mutu, ina za mu samo su? Ka kashe min uwa karo na biyu, Ummaru."

Ina tsaye a wurin. Ina jin komai. Kalma biyar ta ishe ni in tsayar da wannan magana, amma na kama bakin mayafina na cusa a baki. Baba Ummaru ya ciro rikodar daga aljihu ya ajiye a kan tabarma a hankali, ya sa takalmansa, ya fita. Bai tada babur ɗin ba, turawa ya yi har ƙarshen layi. Har yau in na ga tsoho yana tura babur sai in kau da kai.

A ranar ina iya cewa ban tabbata ba. Amma ranar Asabar na tabbata. Na ɗauki laftof ɗin zuwa Mafara, na tarar da mai kemis guda da akawun wata makaranta a shagon, kowa da irin matsalarmu, kowa yana zargin yaransa ko ma'aikatansa. Jar igiyar ba ta wuyan Injiniya. Ya ja ni gefe, fuskarsa duk zufa, ya ce, "Daga filash ɗina ne. Ku ne na shida. Ki rufa min asiri, ƙanwata, in maganar ga ta fita shagona ya mutu, kuma bikina saura wata guda."

Na ce, "Bikinka?"

Ya ce, "Eh, ɗiyar baffana ce, ai na so in kawo muku kati."

Na tambaye shi, da na kwalin aka saka fa? Ya ce, "Da wataƙila ya kama shi. Kuma da filash ɗina bai ma shiga kwamfutarku ba." Sannan ya cire nasa antibairos ɗin daga laftof, ya ce in an tambaya in ce bairos ɗin ne ya cinye shi.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. A motar komawa Bakura na yi kuka har wata mata ta dafa ni tana tambayar wa ya rasu. Ba Inna nake yi wa kuka ba, ba Baba Ummaru ba. Bikin nake yi wa kuka. Wace irin zuciya ce wannan? Na rufa wa mutumin da bai ma san ina sonsa ba asiri, na bar tsohon da yake kawo mini rake da goriba tun ina ƙarama ya ɗauki laifin. Da farko na ce don Injiniya nake yi. Daga baya na gane kaina nake rufa wa, don in na ambaci filash dole in ambaci kwali, in na ambaci kwali dole in faɗi dalilin da ya sa ban buɗe shi ba. Ta yaya zan dubi Kawu in ce na sayar da muryar mahaifiyarsa don wani saurayi ya riƙa shan zoɓona?

Yaya Bashiru ya kai laftof ɗin Sakkwato, masu gyara suka yi iya yinsu, ba abin da ya dawo. Ya ce, "Haka abin yake, ko orijinal ba komai yake kamawa ba."  Kawu ya sa laftof ɗin a jaka ya ɗora saman durowa, bai sake maganar irin shuka ba. In sun haɗu da Baba Ummaru a wurin jana'iza sai su yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Dattawa sun shiga tsakani, Kawu ya ce shi ba ya gaba da kowa, amma ba ya son ganin abin da zai tuna masa. Mutanen da suka yi shekara hamsin suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Yanzu shekara bakwai ke nan. Na yi aure a Mafara, mijina mutumin kirki ne, bai san komai ba. Injiniya ya bar garin tuntuni, ban san inda yake ba, ban kuma damu ba. Har yanzu ina karanta littattafan nan, yanzu a waya, sai dai duk inda aka zo wurin da jarumi ya ɗago kai sai in tsallake. Kwalin ya biyo ni cikin kayan aurena, yana nan a liƙe da ledarsa. Sau da yawa na ɗauko shi zan jefa a murhu in kasa. Kawu ya tsufa, yana fama da hawan jini, likita ya ce a kiyaye ɓata masa rai. In na je gaishe shi a gaban mutane yake cewa, "Uwata ba ta taɓa yi min ƙarya ba." Sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Da na ci gaba da zama a haka, ina jin har in mutu, ba don abin da ya faru watan jiya ba. Mun je suna Maradun wurin dangin mijina, sai aka ce mini Baba Ummaru yana garin, ya bar Damri, yana zaune gidan 'yarsa. Ban so zuwa ba, amma na je. Na same shi a ƙofar ɗaki a kan buzu, ya rame, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya gaba ɗaya, ɗayan ma da ƙyar. Ina yin sallama ya ce, "Mai sunan Inna! Ke ce? Maraba, maraba. Ya hanya? Ya maigidan? Ya ɗiyan? Ya Malam, jikin nashi?" Ya tambayi Kawu ya fi sau biyar. Sannan ya sa 'yarsa ta ɗauko wata jakar leda daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, guda goma sha ɗaya.

Ya ce, "Tun shekarar da abin ga ya faru nike rubutawa. Duk abin da tsohin nan sunka hwaɗa min, wanda na tuna, na sa. Wani da boko, wani da ajami. Wanga na ƙarshe na Inna ne, ai ni na riƙe ma ta rikoda ran nan. Ban iya maido muryatta, amma na tuna abin da ta ce, har faɗan da ta yi mai."

Na buɗe. Littattafan farko rubutun ƙanana ne a tsare. Na ƙarshen kuwa haruffan sun yi manya, sun karkace, wani layi ya hau kan wani, don da ido rabi ya rubuta shi. 'Yarsa ta ce mini tun daga waccan ranar ko wayar wani ba ya yarda ya riƙe, yana cewa hannunsa ɓarna gare shi.

Ya ce, "Ki kai mai. Ki ce ban ce shi yahe min ba, ni na yi ganganci, na sani. Shi karanta dai."

Na ce, "Baba."

Ya juyo da kunnensa wajena. "Na'am, mai sunan Inna?"

Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Na ce, "Allah ya ƙara lafiya."

Yau sati uku littattafan suna cikin akwatina, a kan kwalin nan. In na kai su na yi shiru, na san Kawu zai yi kuka ya yafe masa, su shirya, kowa ya yaba mini. Amma za a yafe wa tsohon nan laifin da bai yi ba, ya shiga kabari yana ganin shi ya yi. In kuma na faɗi gaskiya, ina tsoron jinin Kawu, ina tsoron ranar da zai daina ce mini Uwata, ina tsoron idon mijina. Kuma da wa zan fara? Da wanda na yi wa ƙarya, ko da wanda ya yi shekara bakwai yana biyan ƙaryata da idonsa? In ɗauki kwalin in tafi da shi su gani, ko baki ya isa?

Jiya da la'asar 'yarsa ta kira ni, ta ce Baba yana son magana. Bai yarda ya riƙe wayar ba, ita ta kara masa a kunne. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "An kai?"

Na ce masa gobe.

Goben ta zo. Don Allah jama'a, me zan yi?